Haihuwa Ta Matso, Na Kasa Miƙa Faifai Na Biyu

Assalamu alaikum Anti Adama,

Don girman Allah ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ki ba ni shawara, ko da kin ga ta yi tsawo. Ke na zaɓa saboda kin taɓa faɗa a filin nan cewa kin yi shekaru kina aiki a ɗakin kwamfutocin wata kwaleji kafin ki yi ritaya. A nan duk wanda na kai wa kukana, ko dai ya gane zancen gida ya kasa gane na na'ura, ko ya gane na na'ura ya mai da na gida abin dariya. Ni kuwa tawa matsalar ta haɗa biyun. Sunayen mutanen da zan ambata duk na sauya su.

Ni injiniya ce a wani ƙaramin gidan rediyo a Funtua. Ƙarami ne sosai, muryarmu ba ta wuce Bakori da Dandume da ƙauyukan da ke kewaye, in yanayi ya yi kyau a ji mu har wajen Malumfashi. Yawancin masu sauraronmu manoma ne. Ni ce mace ta farko da aka taɓa ɗauka a ɓangaren na'urori, har ranar da na fara aiki mai gadi ya raka ni ɗakin masu karanta labarai, ya ce ai nan mata ke zama.

A ɗakin na'urori akwai kwamfuta guda wadda tashar gaba ɗaya ta dogara da ita. Ita ke jera shirye-shirye, ita ke karɓar murya daga situdiyo ta tura wa na'urar watsawa da ke bayan gari. In ta tsaya, mun yi shiru ke nan. Manhajar Linux ke tafiyar da ita. Da na zo, faifai ɗaya tak na tarar a cikinta, wanda masu gyara ke kira had-dis, kuma tun kafuwar tashar yake juyawa. Na dinga yi wa manajanmu, Alhaji Maitama, naci, yau in tare shi a ofis, gobe a bakin mota, har ya gaji ya aika Kano aka sayo na biyu. Ya miƙo mini yana cewa in dai zan bar shi ya sha iska, ga shi nan.

Ke kin san aikin, amma bari in yi bayani saboda masu karatu. Faifan kwamfuta ana yanka shi ne ɓangare-ɓangare. Akwai ɓangaren da ake kira tushe, inda manhajar da ke tafiyar da kwamfutar take zaune da duk saitin da aka yi mata. In tushe ya lalace kwamfuta ba ta tashi, ko da sauran kayan da ke ciki suna nan lafiya. To abin da na yi, na yanka wa faifai na biyu nasa tushen, na kwafe na farko a ciki kaf. Na gyara fayil ɗin da ke gaya wa kwamfuta inda tushenta yake, don na biyun ya nuna kansa, kada ya nuna ɗan'uwansa. Sannan na dasa masa Grub, ɗan shirin nan da ke tayar da kwamfuta, yadda zai iya tashi shi kaɗai ko da na farko ba ya nan. Muryoyin shirye-shirye kuwa na ba su nasu ɓangaren daban, su kullum nake kwafewa kafin in tashi daga aiki.

Muna rufe tasha tsakanin azahar da la'asar don injin wuta ya huta. Kowace Juma'a a wannan tsakanin, maza sun tafi masallaci, ɗakin ya zama nawa ni kaɗai, sai in zauna in sabunta kwafin tushen da hannuna. Ba na barin ya kwafu ido rufe, sai na fara duba abin da ya sauya a makon. In an sabunta wata manhaja, ba na kai ta na biyu sai ta yi mako tana aiki ba matsala. In na gama sai in kashe kwamfutar, in zare wayar faifai na farko gaba ɗaya, in kunna. Dalili, faifai na biyu yana iya yi miki kamar ya tashi, alhali a jingine yake da na farko ba ki sani ba, sai ranar da na farkon ya mutu ki ga ba ki da komai. Sai na ji murya ta fito a lasifika sannan in mai da waya, in rufe tushen na biyu, ba abin da zai sake taɓa shi sai wata Juma'ar. Abokan aiki sun yi ta yi mini tsiya, wai na sami ɗa a cikin akwati. Ban kula su ba.

Daminar bara tsutsa ta faɗa wa masara a yankin Dandume, irin wadda ke shiga zuciyar shuka ta cinye ta daga ciki. Aka shirya malamin gona zai zo daga Bakori ya yi bayani kai tsaye a shirin manoma na safe, wanda ake saurare kafin a fita gona. Ranar da za a yi shirin an kwana ana ruwa. Na idar da sallar asuba ke nan sai ga wayar Isah, mai gabatar da shirin, ya ce kwamfuta ta ƙi tashi, sai wani ƙas-ƙas take yi kamar ana buga cokali a kwano. Maigidana, Yahaya, ya ɗauke ni a babur, muka bi ta cikin taɓo.

Na tarar da Alhaji Maitama da jallabiya yana kai-komo da waya a kunne, yana roƙon wani mai gyara a Kaduna, shi kuma yana ce masa sai dai da yamma. Malamin gona na zaune a benci, wandonsa ya ɓaci har gwiwa, yana ta duban agogo. Ya ce in manoma suka fita ba su ji ba an yi asarar yini, ɓarnar da tsutsar nan ke yi a yini ɗaya kuwa ba kaɗan ba ce, ga shi gobe ana jiransa a wani gari.

Anti, kai tsaye na nufi kwamfutar. Na kwance murfin akwatin, na zare wayar faifai na farko, na kunna. Abin da na saba yi ne kowace Juma'a. Rubutu ya fara gudu a allo, can sai ga taken tasharmu ya cika ɗakin. Isah ya ja hannun malamin gona suka ruga situdiyo. Alhaji Maitama ya tsaya yana kallona baki buɗe, mutumin Kaduna na ta magana shi kaɗai a cikin wayar. Da Isah ya buɗe makirufo ya ba masu sauraro haƙurin ɗan jinkirin da aka samu, ya ce na'ura ce ta mutu amma injiniyarmu ta tashe ta. Ya kama sunana da na mahaifina ya faɗa a iska.

Da masara ta nuna, wani dattijo Bamaguje mai suna Labo ya zo tun daga wani ƙauye a kan hanyar Malumfashi, da buhun ɗanyar masara ɗaure a bayan babur, yana tambayar yarinyar da ta tada rediyo. Ya ce da ya ji bayanin nan ko kunu bai tsaya sha ba, ya tafi gona ya buɗa zuciyar masararsa, ya same su suna nan ƙanana, ya yi maganinsu da wuri, ya kuma gaya wa maƙwabtansa. Ya sauke buhun a ƙofar ɗakin na'urori, ya leƙa ya kalli akwatin, ya ce ashe ɗan wannan abin ne. Ranar duk ma'aikata sun ci gasasshiyar masara.

Ba zan ɓoye miki ba, ina alfahari da wannan aiki. Ba wanda ya sa ni, ni na zauna na karanta, na gwada, na sake gwadawa har ya zauna daram. Bayan an sayo sabon faifai na mai da tsarin yadda yake, kuma ko a farkon shekarar nan ya sake fid da mu kunya, lokacin da wata sabuwar manhajar sauti ta zo da matsala murya ta riƙa yankewa. Na koma kan na biyu, wanda har lokacin tsohuwar ke kansa, aka ci gaba da shiri kamar ba abin da ya faru.

To ga inda matsalar take. Ina da juna biyu, na fari, kuma na kusa sauka. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, yayar babana ce ta riƙe ni a Bakori, Gwaggo nake ce mata. Allah bai ba ta haihuwa ba, ni ce 'yarta. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta tsaya mini har na gama makarantar fasaha. Ranar da Isah ya faɗi sunana a rediyo tana tsakar gida tana suya, an ce sai da ta bar kasko a wuta ta fita tana gaya wa maƙwabta gida-gida. Tun da ta ji labarin cikin nan take shiri. Ta sa an shafe ɗakina na da, ta tara itace ya kusa kai katanga, ta sayi sabuwar tukunyar wanka. Abin da ta sani shi ne zan koma gida in haihu a hannunta, in yi wanka, sai an yi arba'in in dawo.

A wurin aiki kuma an ɗauki wani injiniya, Awaisu, a Zariya ya yi karatu. Ba zan zalunce shi ba, ya san aiki kuma yana da ladabi. Amma a wani taron ma'aikata, gaban kowa, ya ce tsarina yana da kyau sai dai ya tsufa. Wai don me mutum zai zauna kowace Juma'a yana kwafa da hannu, alhali ana iya haɗa faifan biyu su riƙa rubuta abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wannan nan take na ba shi amsa. Na ce in suna rubuta abu ɗaya lokaci ɗaya, duk kuskuren da ya shiga na farko ya shiga na biyu, in ka goge abu bisa kuskure ya gogu a duka biyun, kuma da haka muke ranar da manhajar sauti ta lalace da ba mu da wurin gudu. Sai ya kawo ta biyu. Ya ce to faifan nan biyu ai a akwati ɗaya suke, a ɗaki ɗaya, a kan wayar wuta ɗaya. In tsawa ta faɗo, ko gobara ta tashi, ko ɓarayi suka sungumi akwatin, ina na biyun? Ina muryoyin dattawan da muka yi shekaru muna naɗa, waɗanda wasunsu sun riga mu gidan gaskiya? Alhaji Maitama ya gyaɗa kai, ni kuwa tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa ni da Awaisu.

Kalmar sirrin tushe ni kaɗai na san ta. Awaisu ya nema na hana. Alhaji ya ce in ba shi in nuna masa komai kafin in tafi hutu, na ce to, ina ta ja masa rai. Juma'ar da ta wuce na je awo, ma'aikaciyar jinya ta ga ƙafafuna sun kumbura ta ce in je gida in kwanta in ɗaga su. Daga asibiti sai na hau ɗan acaɓa na wuce tasha na yi aikina na Juma'a. Da Alhaji ya ji, ya kira ni ofis. Ya ce yana ganin girmana kuma bai manta da safiyar nan ba, amma tashar ba za ta zauna a hannun mutum ɗaya ba. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata, in ban miƙa ba zai sa Awaisu ya goge komai ya sake ɗorawa yadda ya ga dama.

A cikin wannan ɓacin ran na kira Gwaggo. Na ce mata na yanke shawara a Funtua zan haihu in zauna a ɗakina, kusa da wurin aiki, ko da wani abu zai taso, in ya so bayan suna in zo mata mako guda. Na ɗauka za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Sai kawai ta ce, “To, shi ke nan. Allah Ya ba da sa'ar aiki.” Tun ranar ba ta sake kirana ba, macen da ba ta kwana sai ta ji muryata. In na kira sai ta amsa gaisuwa ta ce tana da abu a wuta.

Yahaya mutum ne mai haƙuri, hatsi yake saye a kasuwar Dandume, bai taɓa hana ni aiki ba, shi ma yana taƙama da ni a cikin abokansa. Amma da na ba shi labari ya daɗe yana kallona, ya ce, “Ni ina ganin ba na'urar ce ba za ta iya zama babu ke ba. Ke ce ba za ki iya zama babu ita ba.” Na yi fushi na ƙi cin tuwo.

Gaskiyar magana, tsoro biyu ke damuna. Ina tsoron in tafi a lalata abin da na gina, a wayi gari tashar ta yi shiru a ce ai aikin mace ne. Ina kuma tsoron in tafi komai ya tafi daidai, a ga ashe ba a buƙatata. Ban san wanne ya fi hana ni sukuni ba. Laifi ne mutum ya yi kishin aikin hannunsa? In miƙa wa wanda ya raina tsarina a gaban jama'a? In kuma na tafi Bakori, ta yaya zan kwanta a bayan Gwaggo hankalina na ɗakin na'urori? Ki taimake ni, wata ya kusa ƙarewa.

Taki,
Mai Faifai Biyu, Funtua


Wa alaikumus salam 'yata,

Kafin komai bari in ce sannu da aiki, kuma da gaske nake. Na ga manyan ofisoshi masu tarin injiniyoyi da ke cewa suna da kwafin ajiya, amma ba wanda ya taɓa zare waya ya gwada ko zai tashi. Ke kin yi, kowane mako, ba wanda ya sa ki, ana ma yi miki tsiya. Abin da ya faru safiyar nan ba sa'a ba ce, sakamakon Juma'o'in nan ne. Alfaharinki yana kan hanya, kada ki bari kowa ya sa ki jin kunyarsa. Ba laifi ba ne mutum ya yi kishin aikinsa. Abin dubawa shi ne inda kishin ya fara kai ki.

Mu fara da rigimarki da Awaisu, don ita ta fi sauƙi. Ku duka biyun kuna da gaskiya, a kan abubuwa daban kuke magana. Haɗa faifai biyu su riƙa rubutu tare yana maganin mutuwar faifai ne kawai, ba ya maganin kuskure. Naki tsarin, da kike barin na biyu ya ɗan tsaya a baya kuma a rufe, yana maganin mutuwar faifai da kuskuren mutum da manhajar da ta zo da matsala. A tasha irin taku ni ma naki zan zaɓa, kuma kada ki yarda a goge shi. Amma maganarsa ta biyu gaskiya ce tsantsa, ke ma kin sani, shi ya sa ta yi miki zafi. Abin da ke cikin akwati ɗaya tare yake ƙonewa, tare ake sace shi. Kuna buƙatar faifai na uku, irin wanda ake ɗauka a jaka, a riƙa zuba masa muryoyin nan da kwafin tushe, a kai shi wani gida daban, ko na manaja ne. Shi ma a riƙa buɗe shi lokaci-lokaci ana tabbatar da abin da ke ciki yana karantuwa. Wannan ƙari ne a kan aikinki, ba rushe shi ba ne. Ya kamata Awaisu ya fara samunki ke kaɗai kafin ya faɗa a taro, wannan ya yi gaggawa. Amma gaggawar ba ta mai da maganar ƙarya ba.

Yanzu ga wadda ba za ki so ji ba. Alhaji Maitama ya tsaurara da ya ce za a goge komai, sai dai hujjarsa mai ƙarfi ce. Ki ɗauka safiyar tsutsar nan ta zo daidai da ranar da kike ɗakin haihuwa. Faifai na biyu na nan lafiya a cikin akwati, amma ba wanda ya san wace waya zai zare, ba wanda zai iya shiga ya gyara in wani abu ya ƙi. Malamin gona zai koma Bakori da bayaninsa, su Labo su yi asarar masara. Aikin da ba ya tsayawa sai mai shi na tsaye a kansa bai gama kammaluwa ba. Saura mataki guda ki kammala naki, shi ne ki sa ya yi aiki a hannun wani.

Ga yadda za ki yi. Gobe ki sami Awaisu da kanki, kada ki bi ta hannun manaja. Ki ce masa maganarsa ta faifai na waje daidai ce, kuma kina so shi ya ɗauki nauyinta. Za ki ga yadda zai sauko, don mutum in aka karɓi tasa yakan saurari ta wani. Sannan ki nuna masa dalilin kowane abu da kike yi, musamman zare waya da jinkirta sabuntawa. Ki rubuta matakan dalla-dalla da Hausa mai sauƙi, yadda ko Isah zai iya bi in ta kama, ki manna a jikin akwatin. Juma'o'in da suka rage, shi zai zauna a kujerar, ke ki koma gefe ki ɗora ƙafa a kan benci ki harɗe hannu. In ya yi kuskure ki bar shi ya gano da kansa, sai ya ƙi ganowa ki yi magana. Ki buɗe masa nasa asusun mai ikon gudanarwa, kalmar sirrin tushe kuma ki rubuta ki rufe a ambulan ki ba manaja ya kulle. Kwafin muryoyi na kullum, ki bar Awaisu ya saita shi ya riƙa yin kansa, ba abin da zai ɓaci. Na tushe kuwa ya zauna a hannun mutum, tare da gwajin tashi. Ku je wa Alhaji da wannan tsari ku biyu kafin wata ya ƙare, ki kuma nemi takardar hutunki a rubuce, da ranar dawowa da matsayin da za ki dawo. Haƙƙinki ne, ba roƙo ba.

Game da tsoron a ga ba a buƙatarki, ki kwantar da hankalinki. In kin tafi tashar ta yi wata biyu ba ta yi tari ba, ba wanda zai ce ba ki da amfani. Cewa za a yi ta gina abu mai ƙarko, har ta koyar da wani. Irin wannan ma'aikacin ake ɗagawa gaba, wanda ya ƙanƙame abu kuwa a wurin ake barinsa. Ni da na dawo daga hutun haihuwata ta fari na tarar an sauya mini abubuwa biyu. Ɗaya na mayar yadda yake, ɗayan na bari don ya fi nawa. Ba abin da ya ragu a jikina.

Sai lafiyarki, wadda kika ambata a gurguje kamar ba komai ba. Kumburin ƙafa a wannan lokaci ba abin wasa ba ne. Ki koma asibiti a auna jininki, ki bi abin da suka ce, kuma hawan acaɓa zuwa tasha bayan an ce ki kwanta, kada a sake. In likita ya ce a Funtua ya kamata ki haihu, to a nan za ki haihu, in an sallame ki ki wuce Bakori. Wannan dalili ne da Gwaggo za ta karɓa hannu biyu, ta ma zo ta zauna da ke a asibitin. Ba daidai yake da ki ce mata na'ura ta fi ta buƙatarki ba, don abin da ta ji ke nan, ko da ba haka kika nufa ba.

Maganar Gwaggo kuwa ba a wayar tarho za a gyara ta ba. Ki sa Yahaya ya nemo mota ya kai ki Bakori a cikin makon nan. Maganar da ya faɗa miki mai ɗaci ce, amma ta mai ƙaunarki ce, ki gode masa. In kin isa kada ki tsaya yi wa Gwaggo bayanin tushe da Grub. Ki durƙusa ki ce kin yi magana cikin fushi, ki ba ta haƙuri, ki ce ta nuna miki ɗakin. Macen da ta bar kasko a wuta don ta ji sunanki a rediyo ba maƙiyiyar aikinki ba ce, ita ta fara alfahari da shi. Abin da take nema nata rabon ne, ta riƙe jikanta a ɗakin da ta raine ki, kuma wannan ba ya maimaituwa. In hira ta yi daɗi sai ki roƙe ta a hankali, ruwan wanka ya zama mai ɗumi ba mai ƙuna ba, kanwa kuma a rage ta a kunu, ki ce ma'aikatan asibiti ne suka ja kunne.

Can kuma ki yi wa kanki iyaka. Awaisu ya turo miki saƙo guda kowace Juma'a in ya gama gwaji, ki karanta ki ce madalla, ki kife wayar. In kewar aiki ta taso, ai kuna kama tashar a Bakori, ki kunna ki saurara kamar kowa.

Ki miƙa aikin nan da hannunki kina ɗaga kai, kafin a karɓe shi, sannan ki tafi gida a kula da ke, don kin daɗe kina kula da wasu. Allah Ya raba ku lafiya, Ya raya abin da za ki haifa, Ya ba Gwaggo tsawon ran da za ta goya shi har ya yi mata nauyi.

Taku,
Anti Adama